Uwa Ɗaya Uba Ɗaya

Da hantsi jirgin ƙasan da ya ɗauko mu daga Ngaundere ya tsaya a Yawunde, kuma ban yi minti goma da sauka ba aka raba ni da jakata. Ba fizge ta aka yi ba. Wani mutum ne mai farar riga ya yi mini sallama da Hausa tsantsa, ya tambaye ni mutanen gida, ya ce daga ganin karin hulata ya san daga Najeriya nake. Kwana uku ina kan hanya kunnena bai ji komai ba sai harsunan da ban san kansu ba, sai ga wani yana ce mini "sannu da hanya, ya gajiya?" Wallahi saura kaɗan in rungume shi. Ya ce Birikiteri, unguwar Hausawa, zan je ko? Na ce e. Ya ce to in tsaya a inuwa, bari ya kai jakar ya kama mana taksi, kada direbobi su ga baƙo su cuce ni. Har godiya na yi masa.

A cikin jakar akwai kayan sawata, da almakashin da mahaifina ya bar mini, da takardar digirina ta kimiyyar siyasa. Fasfo kaɗai ya tsira, don yana aljihun ciki. Na yi tsaye a inuwar nan har ta gushe ta bar ni a rana, ina ta ba mutumin uzuri. Da na gane an yi da ni sai na fara masifa da Hausa da Turanci, ni kaɗai, mutane suna ratse ni suna wucewa.

Wata mata mai sayar da fanke da dafaffen wake ce ta yafito ni. Ba ta jin Hausa, ba na jin Faransanci. Ta nuna mini benci, ta zuba mini waken a roba, ta tsaya a kaina har na cinye. Daga nan ta tare wata taksi mai ruwan ɗorawa da ta riga ta cika, ta ɗaga murya ta ce "Birik!", ta yi ta rigima da direban har ya sa mutum biyu suka matsa mini a gaba. Na laluba aljihu zan ba ta wani abu, ta buge mini hannu. Ban san sunanta ba, kuma na koma tashar sau biyu daga baya ban same ta ba.

Ni mutumin Funtuwa ne, sunana Nasiru. Shekara biyar na yi da gama jami'a ina yawo da takarda ofis ofis, ba aiki. Abin da aka san ni da shi a makaranta baki ne. Duk zanga-zangar da aka yi a zamaninmu ni ke riƙe da lasifika, kuma ina jin daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Abin da ya cece ni daga yunwa shi ne aikin surfani da na koya a shagon mahaifina lokutan da ake yajin aiki. Kawuna Sabo, mai fataucin shadda tsakanin Kano da Kamaru, shi ya ce akwai wani tela a Yawunde da ke neman mai hannu a keken surfani, mutumin kirki ne, sunansa Umaru.

Birik ba sai an nuna maka ita ba. Hayaƙin tsire ne zai fara tare ka, sai ƙarar kekunan ɗinki ta kowace kusurwa, sai jan taɓo da zai kama maka ƙafar wando ya ƙi fita. Shagon Umaru yana cikin wani lungu da mutum biyu ba sa jerawa. Na same shi zaune a kan keke, dogo, baƙi, ya doshi hamsin, ga tsinken allura a baki. Na ba shi labarin jakar ina huci. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya ce, "Mai farar riga ne, da tabo a nan?" Ya nuna haɓarsa. Na ce shi ne. Ya ce, "Kai ne na huɗu bana." Ya miƙe ya zaro wata riga da mai ita bai zo karɓa ba tun bara, ya ce in sa.

Na fara kiransa Maigida. Ya ce, "Masu gida suna Tsinga cikin manyan motoci. Nan Yaya za ka ce."

A Birik aka haife shi, a Birik aka haifi mahaifinsa. Kakansa ne ya zo daga ƙasar Kano a ƙafa, bayan garken shanu. Shi bai taɓa taka Najeriya ba, sai dai ya ji labari a rediyo ya girgiza kai. Gidansu yana bayan shagon, kuma a can aka ba ni ɗakin zaure. Mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Inna, ita ta ɗauki cikina a matsayin aikinta. Kullum sai ta leƙo ta ce, "Ɗan nan, ka ci abinci?" Idan na ce na ci sai ta ce ƙarya nake, ta aiko da kwano. 'Yarsa Hadiza kuwa, wadda ta gama sakandare a shekarar, Tonton Nasiru take kirana, wato Kawu Nasiru, tana dariyar yadda nake yamutsa fuska idan aka kwance rogon nan da suke naɗewa a ganye su dafa dogo kamar sanda.

Duk da haka kewar gida ta ci ni. Garin ba ya da shimfiɗa, daga hawa sai gangara, idonka ba ya tafiya nesa sai ya ci karo da tudu. Ruwa kuma ba ya neman izini. Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ji wani yana waya yana cewa "gobe in sha Allahu ina Zariya", sai na ji hawaye ya zubo mini a tsakiyar titi, ni da gemuna. Idan na kira mahaifiyata cewa nake komai lafiya, har ƙiba na yi.

Faransanci a bakin Buba na koye shi. Buba Bafulatanin Garwa ne da ke ɗinkin wanduna a shagon, Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ya" ne a wurinsa. Shi ya fassara mini abin da wani mai kaki ya ce mini ranar da aka tare taksinmu a hanyar Mesa. Mutumin ya juya fasfona gaba da baya, bai ga laifi ba, sai ya ce, "Parle bien." Wato in yi magana da kyau. Na ɗauka Faransancina ya raina, sai na gyara tsayuwa na maimaita gaisuwar a hankali, kalma kalma. Fasinjoji suka fashe da dariya. Buba ya ce, "Farfesa, ba baki yake nema ya yi magana ba. Aljihu ne." Tun ranar sunan Farfesa ya bi ni.

A kasuwar Mokolo kuma na tsinci wata kalma. Duk wanda zai sayar maka da zare ko maɓalli sai ya dafa ƙirji ya ce kai ɗan'uwansa ne, "même père, même mère", uwa ɗaya uba ɗaya. Mai gwanjo ya ce mini haka, mai turin kaya ya ce mini haka, har wani da bai san daga wace ƙasa na fito ba. Na san ma'anar kalmomin, amma a kunnena sun zama kamar yadda muke cewa "na rantse" ba tare da an ɗauko Alƙur'ani ba. Na tambayi Buba, ya ce, "Ɗan'uwa na gaskiya ke nan, ba na wasa ba." Ta yi mini daɗi a baki, na riƙa jefa ta ko'ina.

Sai da na yi wata biyu na lura da cewa duk ranar Alhamis Yaya Umaru ba ya taɓa keke da safe. Zai yi wanka, ya sa farar riga, ya zaro wata takarda daga cikin leda, ya fita da tabarma a hammata. Takardar ta tsufa har ta fara rabewa a wurin naɗi, bayanta cike da hatimi a kan hatimi. Resefise suke kiranta. Ita ake ba mutum ya riƙe na ɗan lokaci kafin katinsa na ɗan ƙasa ya fito. Ta Yaya Umaru ta shekara uku a hannunsa. Tsohon katinsa ya ƙare, ya je sabuntawa, tun daga nan duk zuwan da zai yi sai a buga masa sabon hatimi a ce ya dawo. Wani lokacin a ce na'ura ce ta lalace. Wani lokacin a dubi sunansa a ce, "Ku Hausawa, wa ya san ta inda kuka shigo?"

Kowa a unguwar ya san maganin abin. Akwai wani mutum da ke zama ƙarƙashin laima wajen masu fotokofi, daura da ofishin. Idan ka yi magana da kyau a wurinsa, katinka zai fito kafin ka manta ka nema. Yaya Umaru ya ƙi. Ya tara waɗanda suka ƙi irinsa, su goma sha wani abu, yawancinsu dattawa, mahauta da teloli da masu tireda. Duk Alhamis sai su shimfiɗa tabarmi a bakin ofishin, kowa ya ɗora takardarsa a gwiwa, su zauna har azahar. Ba kwali, ba waƙa, ba ko tari mai ƙarfi.

Abin ya ba ni haushi. Na ce, "Yaya, wannan ai ba zanga-zanga ba ce, zaman makoki ne. A wurinmu da tuni an rufe titi."

Ya ce, "An rufe. Sai me ya biyo baya?"

Na kauce wa tambayar, na buɗe masa karatu. Na ce masana sun yi bayani, tsakanin jama'a da hukuma akwai yarjejeniya ko da ba a rubuta ba. Mutane sun sallama wani ɓangare na 'yancinsu, sun yarda a mulke su, su biya haraji, su bi doka, ita kuma hukuma ta tsare rayukansu da haƙƙinsu. Ranar da ta karya nata ɓangaren, jama'a suna da ikon su tashi tsaye. Na yi kusan rabin awa ina zuba, har Buba ya tsayar da kekensa yana kallona baki buɗe.

Yaya Umaru ya cire zare da haƙori. Ya ce, "Farfesa, in mutum ya kawo mini yadi, ya sallame ni, ranar karɓa na riƙe rigarsa na ce sai ya sake shafa mini hannu, me sunana?"

Na ce, "Ɓarawo."

"To in ya shafa mini ya karɓa, shi me ya ce da bakinsa? Ya ce rigar dama ba tasa ba ce. Ni shekara talatin ina biyan patanti, harajin shagon nan. Ubana yana kwance a maƙabartar garin nan, kakana ma haka. Baƙo ne ke sayen izinin zama. Ranar da na kai wa mai laima ko sisi, na yarda da abin da suke faɗa a kanmu." Ya mai da ƙafa kan keke. "Shirun kuma da ka raina, shi ya sa har yau ba su sami abin kama mu da shi ba."

Gaskiya na ji kunya, don abin da na yi shekara huɗu ina haddacewa ya faɗe shi ba tare da ya ɗaga kai daga ɗinki ba. Amma kunyar ba ta hana ni ganin cewa na fi shi sanin yadda ake yi ba.

A wannan shekarar abin ya wuce maganar zuciya. Hadiza tana son shiga jarrabawar makarantar aikin jinya, wadda suke kira konkur, kuma takardunta ba za su cika ba sai da katin mahaifinta. Resefise mai hatimi goma an ce ba za a karɓa ba. Ranar rufe karɓar takardu tana matsowa, yarinyar ta daina dariya a gida. Ba ta taɓa ce wa ubanta ya je wajen mai laima ba. Sai dai ta zauna a ƙofar ɗaki tana jera takardun tana sake jerawa.

Na roƙi Yaya Umaru in riƙa bin su. Ya ce wannan ba rigimata ba ce, ni baƙo ne mai fasfo. Na nace. Da yake Alhaji Ɗanjuma, tsohon mahaucin da ya fi kowa shekaru a cikinsu, gwiwarsa ba ta yarda da tabarma, ana neman mai ɗaukar masa kujera, sai ya amince. Ya ce, "Sharaɗi ɗaya. Bakinka ka bar shi a shago." Alhamis huɗu na yi ina zaune a bayansu ina cizon leɓe. Ina ganin masu zuwa wajen mai laima suna wucewa ta gabanmu, wasu su sunkuyar da kai, wasu su yi mana dariya.

Alhamis ta biyar Yaya Umaru ya tashi da zazzaɓi. Inna ta ce ya kwanta, ya ce in ya kwanta yau, mako mai zuwa mutum uku za su kwanta. Muna zaune wajen ƙarfe sha ɗaya sai ga masinja ya fito, ya ce sabon shugaban ofishin, wanda suke kira Shef, yana son ganin jagoran masu tabarma. Dattawan suka kalli juna. Shekara guda suna zama, ba a taɓa kiran kowa ciki ba. Yaya Umaru ya miƙe, jiri ya ɗebe shi, na tare shi. Haka muka shiga, hannunsa a kafaɗata.

Shef matashi ne mai tabarau, da fara'arsa. Ya ba Yaya Umaru kujera. Ya sa aka ɗauko fayil, ya buɗe takardar haihuwarsa, ya buɗe ta mahaifinsa, yana gyaɗa kai. Da ɗan Faransancina na tsinci cewa yana faɗin bai ga abin da ya riƙe wannan fayil ba. Ya cire murfin biro. Sai ya ɗago ya gan ni tsaye a bayan kujera, ya tambayi Yaya Umaru, wannan fa wane ne? Idan ba dangi ba ne ya jira a waje.

Yaya Umaru ya buɗe baki. Na riga shi.

Har yau ina tambayar kaina me ya ture ni. Ina jin ban so a kore ni kamar yaron shago a ranar da za a yi nasara ba. Ina jin kuma na so mutumin nan ya san Yaya Umaru ba shi kaɗai ba ne. Na dafa ƙirji kamar 'yan Mokolo, na ce, "C'est mon grand frère. Même père, même mère!" Wato yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Shef ya yi murmushi, ya ce madalla, to in ba shi katina.

Lokacin ne na ji hannun Yaya Umaru ya kama gefen rigata ya matse. Ba yadda zan yi. Na zaro koren fasfona na ajiye a tebur. Shef ya buɗe, ya jawo takardar haihuwar Yaya Umaru ya jera su gefe da gefe. Ya karanta a hankali: Oumarou Abdoulaye. Nasiru Abdullahi. Ya ce Abdoulaye da Abdullahi ai suna ɗaya ne, ko ba haka ba? Ɗa ɗaya an haife shi a Yawunde, ɗaya a Funtuwa, uwa ɗaya uba ɗaya. To a cikin takardun nan biyu wacce ce ta ƙarya?

Yaya Umaru ya fara bayani cikin natsuwa, cewa a Hausa kowa ɗan'uwan kowa ne, kuma rabin unguwar sunan ubansu Abdullahi. Da na yi shiru a nan, wataƙila da an tsira. Amma jinina ya riga ya hau. Faransancin ya ƙare mini, sai na ɓalle da Turancin Ingilishi. Na ce wannan zalunci ne, shekara uku ana wasa da haƙƙin ɗan ƙasa, kowa ya san abin da ake yi a ƙarƙashin laimar can, hukumar da ke sayar wa mutanenta takardarsu ta karya alkawari. Shef bai katse ni ba. Sakatarensa yana rubutu. Da na tsaya shan iska sai ya amsa mini da Turancin da ya fi nawa kyau, ya ce ya gode da wani ɗan ƙasar waje ya zo har ofishinsa ya koya masa haƙƙin 'yan ƙasa. Ya mai da murfin biro. Ya ɗauki resefisen Yaya Umaru, wadda ita kaɗai ce shaidarsa a duniya, ya jefa a aljihun tebur, ya ce za a yi bincike.

Muka fito. Dattawan suka miƙe suna kallon hannun Yaya Umaru. Ba komai a ciki. Ya naɗe tabarmarsa, muka taka har gida a ƙafa don bai da takardar da zai nuna idan aka tare taksi.

Na so ya zage ni. Da ya mare ni ma da na ji sauƙi. Washegari ya miƙo mini wuyan wata riga ya nuna mini zanen da ake so, kamar kullum. Buba ya yi ƙoƙarin lallashina, ya ce, "Farfesa, wannan Shef ko ba ka yi magana ba zai nemo wani abu. Biro ɗin nan wasa ne ya yi." Wataƙila haka ne. Amma ni na ga an cire murfin biron, kuma ba wanda zai iya rantse mini cewa ba za a sa hannun ba. Hadiza ce kaɗai ta faɗa mini a fuska. Ta tare ni a zaure, idonta jawur, ta ce, "Tonton, ai ba kai aka tambaya ba." Ta wuce.

Aka ce abin da zai gyara shi ne a kawo uwa ta yi shaida. Inna ba ta fita ko'ina sai asibiti, amma ranar Litinin ta ɗaura zanenta na biki, ta ɗauki sanda. Muka tafi mu huɗu, Hadiza ce tafinta. Inna ta ƙi zama. Ta dogara da sandar a gaban teburin Shef ta ce, "Shida na haifa, duk a Birik. Biyu na binne, huɗu suna raye. Wannan nawa ne." Ta nuna Yaya Umaru. Sai ta juyo gare ni, ta kalle ni kamar yadda ake kallon mai tallan da ya shigo gida ba sallama. "Wannan ban haife shi ba. Ban san uwarsa ba, ban san ubansa ba. Baƙo ne, aiki yake yi a shago."

Gaskiya ta faɗa, kalma ɗaya ba ta ƙara ba, amma abin ya yi mini ciwo. Shef ya ce in tabbatar da bakina. Na ce ba ɗan'uwana ba ne, ba abin da ya haɗa mu sai aiki. Aka rubuta, na sa hannu. Shef ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce uwa dama ɗanta za ta kare, kuma takarda daga Najeriya kowa ya san yadda ake samunta. Ya ce za a duba, mu dawo.

A bakin ƙofa Inna ta damƙi wuyan hannuna da yatsunta masu sanyi. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ɗan nan, ka ci abinci yau?" 

Saura kwana goma sha biyu a rufe karɓar takardun Hadiza. Yaya Umaru ya koma ofishin sau uku, ba a ma bar shi ya wuce masinja ba. Alhaji Ɗanjuma ya zo shago ya ce za su ƙara yawan kwanakin zama, Litinin da Alhamis, har da mata. Yaya Umaru ya ce to. Na ce zan koma gida idan tafiyata za ta taimaka. Ya ce, "In ka gudu yanzu, cewa za su yi mun ɓoye ka."

Wata safiya na shigo shago na tarar da wurin keken surfani fayau, sai sawun ƙafafunsa huɗu a siminti. Shi ne keke mafi daraja a shagon. Na kalli Buba, Buba ya kalli bango. Yaya Umaru ba ya nan. Ban tambayi inda ya je ba, don na san wajen mai laima ya nufa da kuɗin keken. Ya dawo kafin azahar, ya yi alwala, ya daɗe a kan sallaya fiye da yadda ya saba. Da ya idar ya ce mini, "Ba don na hukunta ka ba ne. Shi kaɗai ne zai isa." Ya miƙo mini allurar hannu da wasu riguna da ke jiran kalmasa.

Kwana shida katin ya yi ya fito. Binciken da aka ce za a yi ban sake jin labarinsa ba. Hadiza ta kai takardunta ana saura kwana biyu, ta dawo ta durƙusa a gaban ubanta tana kuka, shi kuma yana ta ce mata ta tashi, ba komai. Da ta fita ya zaro katin ya ajiye a kan teburin yanka. Sabo fil, hotonsa ya yi kyau. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tura shi ƙarƙashin tarin ƙyallaye, ya ce Buba ya miƙo masa alli.

Ranar Alhamis ya tashi bai yi wankan fita ba, bai sa farar riga ba. Ya zauna a kan keke tun da sassafe. Wajen ƙarfe takwas na ji sandar Alhaji Ɗanjuma tana ƙwanƙwasa dutsen lungu, da muryoyin sauran a bayansa. Kullum a ƙofar shagon suke haɗuwa kafin su tafi. Aka yi sallama. Yaya Umaru bai amsa ba, bai kuma ɗaga ƙafa daga keken ba.

Ya ce, "Nasiru, fita ka ce musu ba na nan."

Na ce, "Yaya, za su ji ƙarar..."

"Fita ka faɗa musu."

Na ɗaga labule na fita. Suna tsaye a jere cikin lungun, kowa da tabarma a hammata da takardarsa a leda, har da mata uku da suka zo karon farko. Na ce musu Yaya Umaru ba ya nan. Kekensa yana ta gudu a bayana, duk suna ji. Alhaji Ɗanjuma ya kalli labulen, ya kalle ni.  Can ɗaya daga cikin matan ta tambaya a hankali, to yau za a je ko ba za a je ba?